Majigin Dare: Gajerun Finafinan Zane na Kanada da Zangunan Akra

Gabatarwa

A al'adar Hausawa, dare shi ne lokacin tatsuniya. Sai an ci tuwo, an kawar da kwanuka, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sannan kaka ko amaryar gida take tara yara ta ɗauko labarin Gizo da Ƙoƙi. Har akan tsorata yaro da cewa duk wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa. Hikimar a fili take: rana ta aiki ce, dare kuwa na hira, kuma a cikin hirar ake cusa darasin da ba ya faɗuwa kai tsaye.

Wani abu mai kama da wannan ya wakana a talabijin ta Amurka a ƙarshen ƙarni na ashirin. Daga 1997 zuwa 2002, tashar Cartoon Network ta riƙa watsa wani shiri mai suna O Canada can cikin dare, bayan yara sun yi barci. Shirin ba shi da jarumi guda ko labari mai ci gaba. Tarin gajerun finafinan zane mai motsi ne, kowanne 'yan mintuna, waɗanda aka ɗebo daga rumbun Hukumar Finafinai ta Ƙasar Kanada.

A kallon farko, babu abin da ya haɗa wannan shiri da Nima ko Maamobi, unguwannin zango na birnin Akra a ƙasar Ghana, inda Hausa take harshen kasuwa da masallaci da hirar dare. Amma tarihi ya ƙulla zare uku a tsakaninsu: majigin gwamnati, kafuwar talabijin ta Ghana, da rayuwar wani mai zane ɗan Nijar da ya je Kanada ya koyo sana'ar. Bin waɗannan zarurruka yana nuna abu guda, wato irin wannan shiri ba ya samuwa sai an haɗa mai zane, da mai ɗaukar nauyinsa, da rumbun da zai adana aikinsa. Zango ya samu na farko, ya ɗanɗana na biyu, na ukun ne ya kuɓuce masa.

Yadda zane ke motsi

Fim jerin hotuna ne marasa motsi da ake haskawa ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, har ido ya ɗauka motsi yake gani. A silima, hoto 24 ne ke wucewa a cikin sakan ɗaya, wato hoto 1,440 ke nan a minti guda. A fim ɗin mutane, kyamara ce ke ɗaukar waɗannan hotuna yayin da 'yan wasa ke motsawa. A fim ɗin zane kuwa, sai an ƙirƙiri kowane hoto da hannu, a ɗauke shi, a sauya shi kaɗan, a sake ɗauka. Ko da mai aikin ya rage wahala ya maimaita kowane zane sau biyu, fim mai tsawon minti takwas zai ci zane 5,760.

Wannan lissafi shi ne tushen tarihin baki ɗaya. Gajeren fim na zane yakan ci wa mutum ɗaya shekara ko fiye, alhali ba a sayar da tikiti dominsa shi kaɗai. Ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗinsa a irin wannan aiki sai in ya mayar da shi masana'anta mai ma'aikata ɗaruruwa da jarumin da yara za su riƙa nema kullum, kamar yadda kamfanin Disney ya yi. Mai zanen da ke son ya faɗi nasa zancen da nasa salon yana bukatar wanda zai ciyar da shi har ya gama.

Hukumar Finafinai ta Kanada

An kafa wannan hukuma a 1939, a ƙarƙashin jagorancin John Grierson, mutumin Sikotilan wanda ya yi imani cewa fim makaranta ce ta jama'a. Da farko aikinta farfagandar Yaƙin Duniya na Biyu ne. A 1941 Grierson ya gayyato wani ɗan ƙasarsu, Norman McLaren, wanda aka haifa a 1914, ya kuma ɗora masa nauyin kafa sashen zane mai motsi. Hukumar ta fara zama a Ottawa, sannan ta koma Montreal a 1956.

Ƙarancin kuɗi ya sa McLaren ya nemi hanyoyi masu sauƙi. Yakan ajiye kyamara gefe, ya yi zane ko ya karce kai tsaye a jikin ledar fim ɗin, har sautin ma yakan zana shi da hannu a gefen ledar. Da wannan dabara shi da abokiyar aikinsa Evelyn Lambart suka yi Begone Dull Care a 1949, inda launuka ke rawa bisa kiɗan Oscar Peterson. A 1952 ya fitar da Neighbours, wato Maƙwabta, inda ya ɗauki mutane na gaske hoto ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan tsana. Maƙwabta biyu ne suke zaman lafiya, sai fure ya tsiro a kan iyakar gidajensu. Kowa ya ce nasa ne, aka kafa shinge, aka kai ga duka, suka hallaka iyalan juna, su ma suka mutu. Babu magana a cikin labarin, sai a ƙarshe aka rubuta kiran a ƙaunaci maƙwabci da harsuna masu yawa. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 1953.

Waɗanda suka biyo bayansa sun ɗore a kan wannan tafarki na mutum ɗaya, salo ɗaya. Caroline Leaf ta yi aiki da yashi a kan gilashi mai haske daga ƙasa, ta shirya tatsuniyar mutanen Inuwit ta mujiyar da ta auri dinya a 1974. Co Hoedeman ya yi The Sand Castle a 1977 da 'yan tsana masu kamar yashi, shi ma ya ci Oscar. Dukkansu a inuwar hukumar suka yi aiki, da kuɗin jama'a, kuma duk abin da suka gama yana shiga rumbu a ajiye.

Abin da ya sa aka tara su a dare

Gajeren fim ya daɗe yana neman masauki. A da, gidajen silima kan nuna shi kafin babban fim, amma da talabijin ta yi ƙarfi sai wannan al'ada ta ja baya. Ita kuma talabijin ta yanka lokacinta rabin awa rabin awa, fim mai minti bakwai ba ya cika gurbi. Mafita biyu aka samu. Ta farko a cusa shi tsakanin shirye-shirye, kamar yadda tashoshin Kanada suka riƙa yi da jerin Canada Vignettes daga ƙarshen shekarun 1970. Ta biyu a haɗa uku ko huɗu a ɗaure su da suna ɗaya, su zama shiri.

Cartoon Network ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 1992, tana watsa katun dare da rana ba tsayawa. Tashar da ba ta rufewa dole ta nemi abin cika tsakar dare, kuma masu kallon wannan lokaci manya ne. Finafinan Kanada sun dace da su, domin da yawansu zancen manya suke yi. The Big Snit na Richard Condie, na 1985, labarin miji da mata ne da suka shagala da rigima a kan wasan harhaɗa kalmomi, ba su san yaƙin nukiliya ya ɓarke a waje ba. The Cat Came Back na Cordell Barker, na 1988, labarin wani mutum ne da ya yi ta ƙoƙarin yar da 'yar kyanwa, tana dawowa, har ya hallaka kansa. Bob's Birthday na Alison Snowden da David Fine, wanda ya ci Oscar a 1995, likitan haƙori ne da ya cika shekara 40, ya dawo gida yana aibata abokansa, bai san matarsa ta ɓoye su a falo don yi masa biki ba.

Mutuwa, zaman aure, tsoron tsufa da wautar masu iko, duk an lulluɓe su da zanen ban dariya. Mai nazarin adabin baka zai gane wannan dabara nan take, domin ita ce ta tatsuniya, wadda ke ɗora wa kura da dila halayen da ba a iya faɗa wa mai su a fuska.

Zangunan Akra da kallon dare

Zango a asali wurin da ayari ke sauka ne ya huta, shi ya sa ake cewa an ya da zango. Fataken Hausawa sun daɗe suna bin hanyar Gwanja don sayen goro, Salaga ce babbar kasuwarsu. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da yawa sun gangara kudu zuwa Kumasi da Akra, birnin da Hausawan can ke kira Ankara, inda suka tarar da 'yan uwansu da suka yi wa Ingilishi aikin soja da ɗan sanda. A farkon ƙarni na ashirin Malam Bako ya kafa Sabon Zango. Nima kuwa ta fara ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya samu fili daga hannun 'yan ƙabilar Ga. Unguwar ta bunƙasa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, ta haɗe da Maamobi. Mazaunanta Hausawa ne da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli da Dagomba da Yarbawa da sauransu, Hausa ce ta zama gadar da kowa ke hawa ya isa ga ɗan uwansa.

Zare na farko da ya haɗa wannan duniya da ta Kanada shi ne majigi. A 1939, shekarar da aka kafa hukumar Kanada, gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ƙarƙashin William Sellers, wanda ya yi aikin kiwon lafiya a Nijeriya. Motoci ɗauke da injin lantarki da na'urar haskawa suka riƙa zagaya garuruwa da ƙauyuka a Arewacin Nijeriya da Gold Coast, wato Ghana ta yau. In magariba ta wuce sai a kafa farin allo a fili, a nuna gajerun finafinai a jere: labaran duniya, tsabtar rijiya, noman zamani, da ɗan abin dariya, ga tafinta riƙe da lasifika yana fassarawa. Kalmar majigi kanta ta samo asali ne daga sunan da Turawa ke kiran tsohuwar fitilar haska hotuna. A daidai wannan zamani, daga 1942, hukumar Kanada ita ma tana aika masu haska fim zuwa ƙauyukan ƙasarta da irin wannan jeri. Ke nan, Bahaushen da ya taso daga Kano ko Sakkwato ya sauka Nima a shekarun 1950 ba baƙo ba ne ga tarin gajerun finafinai na gwamnati da ake kallo da dare. Ya riga masu kallon O Canada saninsu da kusan shekara hamsin.

Tunanin Grierson ya iso Akra ta wata ƙofar kuma. A 1948 aka buɗe makarantar koyon shirya fim a birnin domin 'yan Gold Coast da 'yan Nijeriya, aka kuma kafa sashen finafinai na ƙasar ƙarƙashin Sean Graham, wanda ya taso a tafarkin Grierson. Wannan sashe ne ya fitar da The Boy Kumasenu a 1952, shi ne kuma daga baya ya zama kamfanin finafinai na gwamnatin Ghana. Ɗaya daga cikin ɗaliban makarantar, Sam Aryeetey, ya shirya No Tears for Ananse a shekarun 1960. Ananse shi ne gizo-gizon tatsuniyoyin Akan, takwaran Gizon Hausawa a wayo da haɗama.

Sai dai daren zango ba na gwamnati kaɗai ba ne. Gidan silima na Dunia da ke Nima, wanda har yau ake kwatance da sunansa, da sauran gidaje irin su Orion da Rex da Opera, sun cika idon matasa da finafinan Indiya da na kaboyi da na 'yan Sin masu faɗa. Waɗannan su ne ke kawo kuɗi, su ne kuma suka fi zama a zukatan masu kallo.

Talabijin a maƙwabtan Nima

Zare na biyu ya fi fitowa fili. A 1959 gwamnatin Kwame Nkrumah ta nemi jami'an gidan rediyo da talabijin na Kanada su yi nazarin yadda za a kafa talabijin a Ghana. Ƙwararrun Kanada sun horar da ma'aikatan farko, wasu kuma aka tura su can. An buɗe tashar ranar 31 ga Yuli, 1965, shekara 30 cif bayan fara rediyo a ƙasar, kuma Shirley Graham Du Bois ce shugabarta ta farko. Nkrumah ya bayyana cewa talabijin ɗin ta ilmantarwa ce, ba ta talla da nishaɗin banza ba. Hedikwatar gidan tana Kanda, unguwar da ke maƙwabtaka da Nima, tafiyar ƙafa ce tsakaninsu. Hausa na cikin harsunan gida shida da gidan ke watsa shirye-shirye da su, tare da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani.

Wannan manufa ba ta daɗe ba. Ranar 24 ga Fabrairu, 1966, sojoji suka kifar da Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, shekara ta gaba kuma aka fara karɓar talla. A Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takardun zama, abin da ya girgiza zanguna, ya raba iyalai da gidajen da suka gina. Bugu da ƙari, tsawon shekaru tasha ɗaya ce a ƙasar, tana aiki na 'yan sa'o'i ta rufe, akwatin kuma sai gidan mai hali, inda yaran unguwa ke cincirindo a taga. Gurbin tsakar dare, wanda ya haifi O Canada, ɗan tashar da ba ta barci ne, kuma irin wannan tasha ba ta zo ba sai can baya.

Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1981, dokar hana fitar dare ta yi fiye da shekara biyu tana aiki, ta karya gidajen silima. Da aka ɗage ta, bidiyo ya riga ya shigo. Ƙananan ɗakunan kallo suka bazu a unguwanni, masu zane na gida suka riƙa zana tallan finafinai da fenti a kan buhunan fulawa, aikin da yau ake baje kolinsa a ƙasashen waje. Daga shekarun 1990 finafinan Hausa na Kano suka fara isowa zango a kaset, daga baya a faifai. Hannun zane bai taɓa yin ƙaranci a Akra ba, masu kallon dare ma haka.

Mustafa Alasan, mai kwaɗi

Zare na uku ya bi ta Nijar. A tsakiyar shekarun 1950 Bafaranshe Jean Rouch ya biyo 'yan ci-rani daga Nijar zuwa Gold Coast. A Akra ya ɗauki Les Maîtres fous, kan 'yan borin Hauka, waɗanda iskokinsu ke kwaikwayon gwamna da hafsoshin mulkin mallaka, ya kuma ɗauki Jaguar, labarin samari uku da suka je neman kuɗi Kumasi da Akra. Mutanen da ke cikin waɗannan finafinai irin mutanen da suka cika zanguna ne. Rouch yana da alaƙa da masu fim na Montreal. Ɗaya daga cikinsu, Claude Jutra, wanda ya yi A Chairy Tale tare da McLaren a 1957, ya zo Nijar ya shirya wa hukumar Kanada fim kan sabuwar jamhuriyar, wanda ya fito a 1961.

A cibiyar bincike ta Yamai Rouch ya haɗu da wani saurayi mai zane, Mustafa Alasan, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Moustapha Alassane. An haife shi a 1942, ya koyi kanikanci, kuma tun yana yaro yakan yi zane a kan takarda mai shara-shara ya haska da fitila ya tara 'yan kallo. A 1962 ya shirya Aouré, wato Aure, kan bikin aure a wani ƙauyen Zabarmawa. Da taimakon Rouch ya tafi Montreal, inda ya haɗu da McLaren ya koyi dabarun zane mai motsi. Tafarkin McLaren ya dace da wanda zai koma ƙasar da babu masana'antar fim, domin tafarki ne na mutum ɗaya da teburi da haƙuri.

A 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, wato Mutuwar Gandji, labarin sarkin kwaɗi da fadawansa, wanda ya samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekara ta 1966 ya yi Bon Voyage Sim, zanen baƙi da fari na kimanin minti biyar. Sim, shugaban jamhuriyar kwaɗi, ya samu gayyata daga maƙwabciyar ƙasa, sai ga faretin soja, ga jirgin sama, ga jawabai, ga lambar girma, kwaɗi sai kumbura suke yi. Fim ɗin ya fito a zamanin da sababbin shugabannin Afirka ke yawan ziyartar juna da gagarumin biki, a kuma shekarar da aka tumɓuke Nkrumah yana bisa tafiya. Abin da ɗan jarida ba zai iya rubutawa ba, kwaɗo ya faɗe shi.

Alasan ya yi finafinan mutane ma, kamar Le Retour d'un aventurier na 1966, kan saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi ƙauye, da F.V.V.A. na 1972, wanda harufansa ke nufin mace, mota, gida, kuɗi. Amma bai bar 'yan tsana ba. A 1977 ya yi Samba le Grand, daga baya kuma Kokoa, wato Kokawa, inda kwaɗi da hawainiya da sauran ƙananan halittu ke karawa a fage, ga 'yan kallo ga mai sharhi, tamkar gasar cin takobi da Nijar ta fara a 1975. Ya koyar da fim a Jami'ar Yamai, sannan ya zauna a Tawa, tsakiyar ƙasar Hausa ta Adar, inda ya mayar da wani sashe na masaukin baƙinsa ɗakin aiki. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015. Ana lissafa shi cikin magabatan zane mai motsi a Afirka.

Rumbu biyu

Shekarar 1997 ta isa a tsaya a kanta. A shekarar ce O Canada ya fara, kuma abin da ya sa ya yiwu shi ne hukumar Kanada tana da finafinan fiye da rabin ƙarni a ajiye, a lissafe, a shirye don haya. A 2009 ta buɗe shafinta na intanet ta sa ɗaruruwan finafinai kyauta, ta yadda yaron Maamobi mai waya a hannu zai iya kallon Neighbours a daren yau.

A Ghana labarin ya sha bamban. Bayan juyin mulkin 1966 an lalata finafinai da dama na zamanin Nkrumah. A 1989 gobara ta cinye ma'adanar sauti da hotuna ta gidan rediyo da talabijin na ƙasa. A 1996 gwamnati ta sayar da kashi 70 cikin ɗari na kamfanin finafinanta ga wani kamfanin Malesiya, wanda ya buɗe tashar TV3 a 1997, kuma faya-fayai masu yawa sun lalace a shekarun da suka biyo baya saboda rashin kula. Abin da ya tsira ya tsira ne domin dodon finafinan, wato asalin ledar da ake wanko kwafi daga gare ta, yana ajiye a Landan. Chris Hesse, mai ɗaukar hoton Nkrumah, ya shafe shekaru yana fafutukar a ceto su. Finafinan Alasan ma a Faransa aka adana da yawansu, kuma a 2017 gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya shirya bikin nuna su. Sakamakon haka, ya fi sauƙi mai kallo a Paris ya ga kwaɗin Alasan a kan matashin Tawa ko na Nima, waɗanda kokawar da ake kwaikwayo tasu ce.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa tara gajerun labarai a gabatar da su da dare ba baƙon abu ba ne ga Hausawa. Sun san shi a tatsuniya, sun gan shi a majigi, kuma wani ɗan yankinsu ya ƙware a sana'ar zane mai motsi a hannun babban malaminta. Abin da ya bambanta Montreal da Akra shi ne ɗorewar mai ɗaukar nauyi da amincin rumbu.

Ta fuskar rubutu, Hausa ba ta rasa rumbu ba, kuma ƙasar Ghana na da hannu a cikinsa. Littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausawa da R. S. Rattray ya buga a 1913, wani malami mai suna Malam Shaihu ne ya rubuta shi da ajami a Gold Coast. Ga kuma tarin Frank Edgar na 1911 zuwa 1913, da littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Labaran suna nan, gajeru, cike da dabbobi masu halin mutane, daidai awon fim na minti biyar. Cibiyar koyar da fim da talabijin ta ƙasa, wadda aka kafa a Akra a 1978, tana koyar da zane mai motsi, kuma wayar hannu ta yau tana iya ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya kamar kyamarar McLaren.

Yaran zango suna tasowa tsakanin Hausa da Ingilishi da Twi, kuma katun ɗin da suke kallo da wuya ya yi magana da harshen kakanninsu. Ɗalibin Hausa da ke son Gizo ya hau allo yana da aiki biyu a gabansa: ya koyi haƙurin zane 720 domin minti ɗaya, ya kuma tanadi inda za a ajiye aikin, da sunan mai shi da shekararsa, domin wanda zai zo nemansa bayan shekara hamsin ya same shi.